Jakunkunan Maman Debby

Duk wanda ya zauna a Kagarawal a shekarun nan da gari ya rikice, ko bai san Hilda ba, ya ci burodinta. Sunan ma ba kowa ya riƙe ba. Maman Debby ake ce da ita, haka kuma aka rubuta a jikin ledar burodin. Mutuniyar Kaltungo ce, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, da tabon ƙuna a bayan hannun dama tun tana yarinya, lokacin da take taya mahaifiyarta gasa burodi a cikin rabin duro. Ta yi koyarwa a firamare, albashi ya riƙa yi mata wasan ɓuya, wata ya zo, wata ya maƙale, sai ta ajiye alli ta koma sana'ar gida. Da rabin buhun fulawa ta fara a bayan ɗaki. A hankali ta gina murhun bulo, ta ɗauki ma'aikata huɗu, har ta kai tana kwaɓa buhu shida a rana.

Kasuwarta ba ta kantuna ba ce, ta masu shayi ce. Teburi talatin da takwas ke ɗaukar burodinta, daga bakin tasha har lungunan Malam Inna, kuma ta san kowanne da sunansa da irin burodin da yake so. Babbansu Bobbo ne, wani dattijon Bafillace siriri mai teburi a bakin wata tasha. Shi ya fara ɗaukar burodinta tun tana gasawa a duro, shi ya jawo mata sauran. Inda Bobbo ya sa ƙafa, nan masu shayi ke sawa.

Sai bama-bamai suka fara tashi a gari. Aka kafa shingayen bincike, aka riƙa sa dokar hana fita ana cirewa ana mayarwa. Mai shayi kuwa da hira yake ci, in babu zama babu ciniki. Buhu shida ya koma huɗu, huɗun ma sai a yi kwantai. Ana cikin wannan aka buɗe wani sabon gidan burodi ta wajen Gabukka, mai motar rabo, ya bi masu shayi yana raba musu manyan lemomi masu ɗauke da sunansa. Mutum bakwai suka bar Hilda a wata guda. Ba su yi faɗa da ita ba, sai dai kawai ta daina ganinsu da safe.

A al'adarta, duk ƙarshen shekara takan ba kowane mai shayi kalanda da sabulu. Da ta ambaci kalandar bana, mijinta George, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma kiwon kaji, ya yi dariya har da tari.

"Maman Debby, kalandarki ta bara ai na gan ta. A ciki aka naɗo mini tsire."

"To me kake so in yi? In raba musu motoci?"

"Ni dai na ce miki watan Yuni ya yi daɗi da yaji."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe rabonta da barci mai nauyi, ƙafafunta kullum a kumbure. Amma ta san gaskiya ya faɗa. In ba ta ba su abin da zai tsaya kusa da lema ba, sabuwar shekara za ta same ta da murhu a sanyaye. Abin da ya rage shi ne wa za ta ba aikin.

Ta fara zuwa wajen Ya Aisa a Malam Inna. Ya Aisa Babarbariya ce da ta gudo daga wani gari a Borno, ba ta fito da komai ba sai kan keken ɗinki da jikoki biyu. Ita ke ɗinka wa ma'aikatan Hilda hulunan aiki. Ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ta saurara har ƙarshe, tana murza zare da yatsu.

"Zan iya yi musu rigar gaba," in ji ta da Hausarta mai nauyin Barebari, "wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure a ƙugu. Da aljihu na canji."

"Guda arba'in. Kafin Kirsimeti."

"In Allah ya yarda."

"Ya Aisa, in Allah ya yarda ta yaushe?"

"Yar'uwa, keken ƙafa ne, ƙafar kuma tsohuwa ce. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Za ki iya rubuta sunan gidan burodin a jiki? Da lambar waya?"

Ya Aisa ta girgiza kai. Ita fure ta iya, da ganye. Boko bai ratsa ta ba.

Hilda ta yi sallama ta fito tana lissafi. Kyautar da ba suna a jiki sadaka ce, ba talla ba. Ita kuwa a bana ba ta da ƙarfin sadaka.

Wani ɗan cocinsu ya ce yana da mutum a Onica mai kawo kofuna da agogon bango. Ta tambayi yaushe kayan za su iso, ya fara lissafa mata shingayen da ke hanya, ta ce ya bar shi kawai.

Na uku shi ne Abdulbaqi, wani matashi mai shagon buga kalanda da riguna a bayan kasuwa. Ranar da za ta je, ta ƙulle kuɗinta a bakin zani, ta riƙe wayarta a hannu, saboda an daɗe da hana shiga kasuwa da jaka. A ƙofa aka shafa ta da sandar bincike, ta wuce.

Abdulbaqi ya san aikinsa. Ya jawo mata kujera, ya kunna fanka, ya fara jero kaya a kan teburi.

"Madam, ga biro. Kowa na son biro."

"Mai shayi me zai rubuta?"

"To ga maƙalin makulli."

"Rabinsu a shago suke kwana. Makullin me?"

"Madam, kin iya ciniki wallahi. To lema fa? Ita ake yayi."

Ya faɗi kuɗin lema, ta kau da kai, ya gane. Ya ɗan sosa ƙeya, ya shiga ciki, ya jawo wani kwali ya buɗe. Jakunkunan goyo ne, baƙaƙe, masu kauri, irin na 'yan makarantar kuɗi. Hilda ta ɗauki ɗaya ta juya. Zif uku. Aljihu biyu a gefe. Ta ja madaurin da ƙarfi, bai motsa ba. Ta leƙa ɗinkin ciki, ta sa ya zuba ruwa a bayan jakar, ruwan ya gangare. Mai shayi na iya zuba gwangwanin madara da sukari da kofuna ya goya, hannunsa biyu su huta. Kuma duk inda ya bi, sunanta na biye da shi a gadon baya, ba kamar lema da ke kafe wuri ɗaya ba.

"Nawa?"

Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na lema ba. Ta sa ya maimaita.

"Don ke ce, Madam. Kwastoma irinki ba a wasa da ita. Zan buga miki suna da fari, manyan baƙaƙe, lambar waya a ƙasa. Ko daga tsallaken titi za a karanta."

Ta tambaye shi ko fentin na zuba in an wanke. Ta tambayi ranar da zai gama, ta sa ya rantse. Ta ƙirga jakunkuna arba'in da kanta, ta ware biyu masu zif mai cijewa ya canja mata. Babu abin da ba ta tambaya ba, sai abu ɗaya: me ya sa kaya masu kyau haka suke zaune a kwali ba wanda ya saya. Ta kwance bakin zaninta ta biya rabi, ta fito tana jin wani sauƙi da ta manta kalarsa.

Abdulbaqi ya cika alkawari. Ana saura kwanaki Kirsimeti ta tara masu shayi a harabar gidan burodin da hantsi, bayan sun tashi daga cinikin safe. An yi sa'a Ya Aisa ta kawo huluna a lokacin, Bobbo na ganinta ya gyara tsayuwa.

"Ke Babarbariya, ba ki ga ubangidanki ba ne? Ba gaisuwa?"

"Ji mai bin wutsiyar saniya. Yaushe aka 'yanta ka har ka sami baki?"

"Maman Debby, sayar mini da ita, in kai ta ruga ta riƙa tatsa."

"Da wane kuɗin? Na ruwan zafi?"

Aka yi dariya, har Hilda. Ta buɗe kwali ta fara miƙa wa kowa tasa. Nan dariyar ta ɗan ja baya. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode, Allah ya ƙara kasuwa. Wani ya juya tasa ya kalli rubutun. Wani ya naɗe ta kamar tabarma ya cusa a hammata. Ba wanda ya goya. Hilda ta ɗauka kunya ce ta manya. Bobbo ne kaɗai ya daɗe yana kallon tasa, sannan ya rataya a kafaɗa ɗaya.

"Useko, na gode, Maman Debby. Kin yi ƙoƙari."

Bayan biki ta riƙa baza ido a titi. In ta hau Keke Napep sai ta zauna a gefe tana duban bayan mutane. Jaka talatin da ɗaya ta raba, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta tambayi wani, ya ce yara na ajiye littattafai a ciki a gida. Wani ya ce matarsa ta zuba kayan jariri. Bobbo kaɗai ke zuwa tasha da tasa kullum, yana tsayawa a kowane shinge ya sauke, ya buɗe zif uku, ya fito da gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Bai taɓa faɗa mata ba. Kara ce irin ta Fulani: an ba shi a gaban mutane, ba zai bari a ce ya raina ba.

Wata Talata da yamma, Hilda ta samu ta ɗan miƙe a kan benci, ta ɗora ƙafafunta a kan buhun fulawa, wayarta ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ba gaisuwa.

"Ke ce Maman Debby mai burodi?"

"Ni ce. Guda nawa za a kawo?"

"Ba burodi muke so ba. Jami'an tsaro ne. Akwai jaka a nan mai sunanki da lambarki. Ki zo yanzu."

Abin da ya faru, kamar yadda ta ji daga baya, ba shi da tsawo. Saboda dokar hana fita, Bobbo ya koma kafa teburinsa tun kafin la'asar. Da aka kira salla ya tura jakar ƙarƙashin bencin fasinjoji ya tafi masallaci. Akwai 'yar rediyonsa a ciki, wayar cajinta ta leƙo ta bakin zif. Wata mata ta sunkuya za ta gyara takalmi, ta ga baƙar jaka ba mai ita, da waya a waje. Ihu ɗaya ta yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake, balle mutanen da suka kwashi gawa da hannunsu. Tasha ta watse. Aka bi ta kan teburin Bobbo, tukunyar shayi ta kife, kiret biyu na ƙwai suka zama ƙasa. Wata mai gyaɗa ta gurɗe a ƙafa. Bobbo ya idar da salla ya fito yana tambayar me ya faru, ya ce ai jakarsa ce, aka riƙe shi.

George ne ya raka ta, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Suka tafi da ragowar jakunkuna tara a kwali don a ga shaida, kuma sai da aka tsayar da su sau biyu a hanya saboda kwalin. A ofishin an yi musu tambayoyi masu yawa amma ba a ci mutuncinsu ba. Wani babba a cikinsu ya ɗaga jaka ɗaya da yatsa biyu.

"Madam, a garin nan kike zaune?"

"A nan nake, ranka ya daɗe."

"In za ki coci ran Lahadi, da jaka kike shiga?"

Hilda ta kalli jakar da ke hannunsa. Ta fi shekara rabonta da riƙe jakar hannu. Littafi Mai Tsarki take runguma a ƙirji, kuɗin baikon coci a bakin zani, kamar kowace mace a cocinsu. Ta san wannan kamar yadda ta san hanyar gidanta. Ta dai tsaya a shagon Abdulbaqi tana ƙirga zif.

Kafin magariba aka saki Bobbo. Ya fito hularsa a hannu, rigarsa da busasshen ƙwai. Hilda ta matso.

"Baffa Bobbo, don Allah ka yi haƙuri."

"Ba komai," ya ce, yana kallon wani wuri daban. Ya wuce. Jakar ma a nan ya bar ta.

Washegari bai zo ɗaukar burodi ba. Rana ta biyu ma haka. Mutum tara suka bi sahunsa. A gari kuwa sunan ya yi tafiyar da ta biya kuɗi don ya yi, sai dai ba yadda take so ba. Yara na wucewa ta ƙofar gidan burodin suna cewa ga gidan mai jaka.

Ta koma wajen Abdulbaqi, ba don faɗa ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta ajiye kwalin a gabansa.

"Ka san abin da ya sa ba wanda ya saya."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata makaranta ce ta yi oda, kafin kayan su iso aka ce yara su riƙa zuwa da littattafai a hannu ko a farar leda, aka bar shi da su. Jarinsa duka na ciki.

"Madam, da kin tambaya da na faɗa miki. Wallahi da na faɗa."

"Na sani. Karɓi waɗannan ka mayar mini da kuɗinsu."

"Da sunanki a jiki? Wa zan sayar wa?"

Ta ɗauki kwalinta. Araha ba ta ado, uwarta ta sha faɗa, amma uwarta ba ta taɓa ganin lema mai suna ba.

Daga nan Malam Inna ta nufa. Ya Aisa ba ta ce komai a kan abin da ya faru ba, duk da ta ji. Ta ɗauki jaka ɗaya ta shafa, ta ce yadin mai kyau ne, ruwa ba ya ratsa shi, asara ne a zubar. Suka zauna su biyu da reza suna farke ɗinki. Bayan jakar, inda rubutun yake, aka yanke shi aka ɗora a kan baƙin yadi ya zama aljihun rigar gaba, buɗaɗɗe, ba zif, kowa na ganin abin da ke ciki. Madaurin goyo ya zama na wuya. Aikin bai yi sauri ba. Keken ƙafa ne, ƙafar kuma tsohuwa ce, kamar yadda aka faɗa mata tun farko. Hilda ba ta ƙara tambayar yaushe ba.

Da ta farko ta fito, ta sa ta a farar leda, ta haɗa da kiret biyu na ƙwai da sabuwar tukunyar shayi, ta tafi tasha da la'asar. Bobbo na nan a wurinsa, an ɗaure ƙafar teburin da waya. A kan teburin burodin Gabukka ne a jere, a bayansa an jingine sabuwar lema ba a buɗe ba tukuna.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi George da kaji, ta tambayi iyali. Ya zuba mata shayi ba ta nema ba. Ta ajiye ƙwan da tukunyar, ya ce bai kamata ba, ta ce ta sani. Sannan ta warware rigar. Ya karɓa ya ɗaga, ya ga rubutun, ya ga lambar waya.

"Wa ya ɗinka?"

"Ya Aisa."

"Shi ya sa ɗinkin ya karkace. Babarbare bai taɓa yin abu a miƙe ba."

"Ta ce in gaya maka ta rage tsawon igiyar, don ta san Bafillace ba shi da ƙugu."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ta farko tun zuwanta. Ya juya cokali a kofi.

"Maman Debby, ni ba fushi na yi ba. Tsoro na ji. Shekarata sittin da wani abu, ban taɓa zama a bayan kanta ba sai ranar. Jikana ya ji a makaranta." Ya nuna burodin da ke kan teburi da haɓa. "Waɗannan kuma sun zo washegari, na karɓi lemarsu. Ba zan mayar ba, ba a haka."

"Ban ce ka mayar ba, Baffa."

"Rabi daga gare ki, rabi daga can. Abin da zan iya ke nan. Sauran yaran zan yi musu magana, wanda ya ji ya ji."

Hilda ta yi lissafin a zuci, kamar yadda ta saba. Rabin Bobbo, da rabin waɗanda za su biyo shi. Buhu uku, watakila da ɗan ɗori. Zai riƙe murhu da wuta, amma sai ta sallami ma'aikaci ɗaya, kuma ta riga ta san wanne. Ta ce ta gode.

Bobbo ya miƙe ya rataya rigar a wuya. Kafin ya ɗaure sai ya cire, ya juya ta, aljihun da rubutun suka koma ciki suna kallon cikinsa, baƙin yadi zalla a waje. Ya ɗaure igiyar, ya sa hannu ta gefe ya laluba aljihun, ya zuba canjinsa.

"Haka ta fi," ya ce. "Kuɗi ma sun fi tsira. Lambarki kuwa na haddace ta, ranar nan sau nawa aka karanta mini."

Hilda ta kalli rigar. Ta biya kuɗin jaka, ta biya na bugu, ta biya na ɗinki, don sunan ya kwanta a cikin Bobbo inda ba mai gani. Ta shanye shayinta, ta ajiye kofin.

"Gobe guda nawa?"

"Goma sha biyar. Mai laushi. Ki ce wa mutanenki su rage ƙona gindin."

Ta tashi da ƙyar, ta dafa teburin da ya ɗan yi lilo. Akwai sauran jaka takwas a wajen Ya Aisa suna jiran reza, ga waɗanda ke gidajen mutane cike da littattafai da kayan jarirai, dole ta bi ta roƙo su ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta riƙe wayarta a hannu, ta shiga layin masu jiran a shafa su da sanda a bakin ƙofar tasha.